Sai Da Cikakkiyar Jimla

Shafi na 19

Masu turo min saƙo tun da sassafe kuna cewa na bar ku a rataye, na ji ku. Ni ma ba kwance nake ba, wuta aka ɗauke mana har wayar ta mutu. Ita kuma baiwar Allahn da ta ce in daina wahalar da Yaya Hajara, ki yi haƙuri, ba ni nake wahalar da ita ba, ƙanenta ne. Ga shi nan ku karanta, ku raba mana gardama da kanku.

*

Badaru ya ajiye allin a kan tabarma ya dafe kai da hannu biyu. Jibi Asabar ne jarrabawa, amma har yanzu shi da yayarsa suna nan inda suke tun makon jiya, ba gaba ba baya.

Kun dai san abin da ya kawo Hajara Gaya. A shekarar nan da gwamnati ta buɗe karatun firamare kyauta, ofishin ilimi ya fito da sabuwar doka: duk mai koyar da ajin mata na yaƙi da jahilci sai ta zauna jarrabawa, wadda ta faɗi a rufe ajinta. Ajin Hajara kuwa yana Ajingi, a ƙarƙashin rumfar kara a tsakar gidan marigayi mijinta. Tun da Tukur ya rasu, ga shi Allah bai ba su haihuwa ba, ajin nan shi ne danginta, shi ne abin da take tashi dominsa da safe. Matan da a da ko sunansu ba sa ganewa a rubuce, yanzu wasu suna karanta katin asibitin 'ya'yansu da kansu. Badaru, da bai daɗe da fitowa daga kwalejin horon malamai ba, yana koyarwa a firamaren Gaya, shi ya tsaya gaban sufeto ya gabatar da ita, har da bugun ƙirji.

Lissafi ba ta da matsala. Shifta kuwa rubutunta ya fi nasa kyau, ko da yake ba zai yarda a faɗi haka a gabansa ba. Inda gizo yake saƙar shi ne kashin ƙarshe, tambayoyin auna basira, waɗanda da baki ake amsa su a gaban masu jarrabawa. Za a ba ka ƙa'ida, a ba ka ɗan labari mai mutane a ciki, sai ka faɗi wanda ƙa'idar ta hau kansa. Kuma ba a karɓar nuni ko gyaɗa kai, sai ka kama suna ka faɗa da cikakkiyar jimla, don a ji ko bakinka na malanta ne.

Wannan kashin tun ranar farko ya ba su wahala. Da ya ce mata duk mai gona a bakin fadama yana shuka rake, Gaji tana da gona a bakin fadama, me Gaji take shukawa, sai Hajara ta tambaye shi wace Gajin. Ta ce in ta gidan liman ce, ai ta bar rake tun da bayanta ya matsa mata, albasa take sawa. Ya ce ba wata Gaji ba ce, Gajin takarda ce. Ta ce to ita ba za ta yi shaida a kan gonar da ba ta taɓa takawa ba. Ranar sai da ya fita ya zagaya bayan gida ya dawo kafin ya iya magana. Daga baya dabara ta zo masa, ya ce mata duk wanda ya yi barci mai nauyi alwalarsa ta karye, Larai ta yi barci mai nauyi. Ba ta bari ya rufe baki ba ta ce Larai ta sake alwala. Ya tambaye ta ko ta ga Larai tana barcin, ta ce a'a. Ya ce to shi ke nan, haka ake yi: abin da aka ba ki shi ne duniyar, abin da kika sani daga waje ki ajiye shi a bakin ƙofa tare da takalmi. Ta yi dariya har da tafa hannu, ta ce ashe abin da ma a littafin tsarki yake.

Daga nan abu ya fara tafiya, sai ran da ya sa sunan Tukur a wata tambaya ta yi gum. Nan take ya gane kuskurensa, ya ba ta haƙuri. Mace ta kama sunan mijinta, ko da yana ƙasa? Ya bi tambayoyin da ya shirya kaf ya cire Tukur, ya cire Ja'afar sunan surukinta, ya cire Datti sunan mahaifinsu, har da Abdulsalam, mijinta na fari da ya rasu tun Badaru bai san duniya ba. Don gudun sake taka sawun ɓarawo, duk inda ya cire suna sai ya cusa nasa. A ganinsa babu sunan da ya fi nasa sauƙi a gidan nan, tunda Inna ta ce ba sunan kowa aka mayar ba, wani malami ne mai wucewa ya zaɓa.

To tun daga lokacin ne abin ya lalace. Wata tambayar ta amsa tas, wata kuma ta tsaya tana kame-kame. Ya zauna ya yi ta neman inda matsalar take. Ya ce ko masu "sai dai" ne suke rikita ta, ya gwada, ba su ba ne. Ya ce ko masu "babu wanda" ne, nan ma ba su ba ne. Malamin ƙa'ida guda, an rasa ƙa'idar da za ta kama yayarsa.

Ya ɗago kai ya sake ɗaukar allon.

"Yaya, mu sake. Ki saurara da kyau. Duk wanda ya kai gyadarsa kasuwa kafin ta bushe, za a dawo masa da ita. Haruna ya shanya tasa har ta bushe. Barau bai noma gyada ba bana. Badaru ya tuge tasa da safe ya kai kasuwa da rana. Wa za a dawo wa da gyadarsa?"

Hajara ta gyara mayafi, ta dubi kajin da suke tono a gindin turmi.

"Na ƙarshen."

"Wane ne na ƙarshen?"

"Mai gaggawar."

"Sunansa nake tambaya."

Ta ci gaba da kallon kajin.

Ya ce mata sufeto ba zai karɓi "na ƙarshen" ba, ba zai karɓi "mai gaggawar" ba, mutane ne da agogo a hannu da layin mata a waje, ba su da lokacin wasan 'yar ɓuya. Ta ce ta ji. Ya ce in ta ji ta faɗa. Ta sa hannu ta tsinci wani ɗan kara a kan tabarma ta shiga karya shi gutsi-gutsi.

Inna Hure, mahaifiyarsu, ta fito daga ɗaki da lulluɓinta za ta gidan barka a bayan masallaci. Tun da Hajara ta sauka daga motar kasuwa ran Larabar makon jiya, tsohuwar nan ba ta sake ba. Da ta ga sun shimfiɗa tabarma sai ta sami abin da za ta aiki ɗaya daga cikinsu, ko ta kawo tsintar wake ta zauna a tsakaninsu. Yau ma da ba don barkar ta jikar ƙawarta ba ce, da babu inda za ta.

Ta tsaya a kansu ta ce da Badaru ya sarara wa baiwar Allah haka, ya ishe ta da Gaji da gyada tun safe. Ta ce in aji ya rufu ai ba duniya ce ta rufu ba, Hajara ta koma ɗakinta ta kama saƙar faifai kamar kowace mace.

"Inna, matan nan fa ita suka dogara da ita."

"Su dogara da Allah. Badaru, ka ji abin da na ce."

Ta yi wa Hajara wani irin kallo mai tsawo, ita kuma ta sunkuyar da kai. Sannan ta ja takalmanta ta fita.

Shi bai ma lura da kallon ba, hankalinsa yana kan jibi. Ya ce to su bar gyada, su ɗauki abin da ko ɗan aji ɗaya zai iya. Da ta shiga za a tambaye ta sunanta, da garinsu, da sunan malamin da ya gabatar da ita. Ya gyara zama ya ƙanƙance ido irin na sufeto.

"Sunanki?"

"Hajara."

"Daga ina?"

"Daga Ajingi."

"Wa ya gabatar da ke?"

"Malamin firamaren Gaya."

"Malaman firamaren Gaya suna da yawa. Wanne?"

"Autanmu."

"Yaya, sufeto bai san autanku ba."

Ta ce ai zai iya rubuta musu a takarda ta miƙa. Ya ce ba a shiga da takarda. Ta ce to ya raka ta ya faɗa da kansa. Ya ce ko hedimasta ba a bari ya leƙa ɗakin.

Wallahi a nan ne haƙurin Badaru ya ƙare. Ya tuna yadda ya tsaya a ofis ya ce yayarsa ta fi ƙarfin jarrabawarsu, ya tuna murmushin da hedimasta ya yi a gefe, ya tuna matan Ajingi da suka rako ta har bakin mota suna ta addu'a. Duk wannan, a ce abin da zai kayar da ita suna ne? Ya miƙe tsaye, allin ya faɗi ya karye.

Ya ce ya gaji. Ya ce shi bai san abin da ya yi mata ba da take so ta kunyata shi a gaban manyansa. Ya ce tun yana yaro ya san ba ta damu da shi ba, amma bai zaci abin ya kai ta gwammace a rufe ajinta da ta buɗe baki ta ce shi ya gabatar da ita ba. Sai kuma shaiɗan ya ƙara zuga shi, ya ce ashe gaskiyar hedimasta ne da ya ce kan da ya kwana biyu ba ya ɗaukar karatu.

Hajara ta ɗago ta dube shi. Ba ta yi fushi ba, kuma wannan ya fi fushin ciwo.

"Auta, ka iya bakinka."

Iyakar abin da ta ce ke nan. Ta juya masa gefe, ta sa bakin mayafi ta goge ido.

Kunya ta kama shi, ga kuma haushin bai sauka ba. Aka kira la'asar, ya ɗauki buta ya fice. A masallaci ma Allah kaɗai ya san abin da ya karanta, don zuciyarsa tana gida. Ya yi ta zagin kansa, ya yi ta kuma tambayar kansa me ke damun matar nan.

Da ya dawo ya tarar ta yi sallarta tana zaune a inda ya bar ta. Akuyar Inna kuwa ta sami allon a ƙasa ta lashe rabin rubutun. Ya kore ta, ya zauna nesa kaɗan, ya ce Yaya ta yafe masa. Ta ce babu komai, su ci gaba, rana tana tafiya.

Ya goge allon da hannun riga. Bayan abin da ya faɗa ɗazu, ko jin sunansa ba ya son yi a bakinsa, don haka da ya zo sake tambayar gyada sai ya juya mutanen yadda suka zo masa. Ya ce Barau ya shanya tasa, Gaji ba ta noma ba, Haruna ya tuge da safe ya kai da rana.

"Haruna za a dawo wa da gyadarsa, domin ya kai ta kasuwa ba ta bushe ba."

Ya saki baki yana kallonta. Cikakkiyar jimla, da dalilinta, ba ko gargada. Ya ce Allahu akbar, to da ina wannan bakin ya shiga? Ya yi maza ya ƙulla wata mai wuya tun kafin abin ya gudu. Babu wanda zai ɗebi ruwa a rijiyar makaranta sai ɗan makaranta, sai dai in baƙo ne mai wucewa. Larai 'yar gari ce ba ta makaranta. Hanne baƙuwa ce za ta Wudil. Wa za a hana? Ta ce Larai za a hana, domin ba 'yar makaranta ba ce kuma ba baƙuwa ba ce. Ya kawo wata, ta amsa. Ya kawo wadda shi kansa sai da ya yi tunani a kwaleji, ta amsa tana ma gyara masa inda ya yi tuntuɓen harshe.

Daɗi ya kama shi har ya manta da faɗan ɗazu. Ya ce to yanzu ta ga babu wuya, bari su koma kan ta farkon yadda take a rubuce, su rufe da ita.

"Badaru ya tuge tasa da safe ya kai kasuwa da rana. Wa za a dawo wa da gyadarsa?"

Ta kawar da kai ta shiga gyaran bakin mayafi.

Murmushin ya bushe a fuskarsa. Tambaya ɗaya ce, gyada ɗaya, kasuwa ɗaya. Abu guda kawai ya canza.

Ya jawo takardun tambayoyin da suka yi tun makon jiya ya shiga bi da yatsa. Wadda ta amsa, amsarta Barau. Wadda ta amsa, amsarta Gaji. Wadda ta tsaya, Badaru. Ta gaba da ta tsaya, Badaru. Ya bi har ƙasa bai sami ko ɗaya da ta saɓa ba. Duk kwanakin nan yana haƙilon neman laifin "sai dai" da "babu wanda", ashe abin yana rubuce da hannunsa.

Da farko dariya ce ta so kama shi. Sai kuma dariyar ta koma ciki, domin ya shiga lalube a ransa ko akwai ranar da ya taɓa jin sunansa a bakin Yaya Hajara, ya rasa. Auta. Malam ƙarami. Kai yaron nan. In tana nemansa sai ta ce da yara su kira mata ɗan Inna. Ya tuna lokacin da ƙyanda ta kwantar da shi, an ce a ƙafa ta taho daga Ajingi, amma da ta iso ba ta shiga ɗakin ba, a bakin ƙofa ta zauna ta ba shi baya har ya warke. Ya tuna ran da aka ce ya ci jarrabawar kwaleji, gida ya kaure da guɗa, ita tana tsintar shinkafa kamar ba ta ji ba, amma da zai tafi ya tarar da sabuwar hula a cikin akwatinsa, ba wanda ya ce shi ya sa. Shekara da shekaru yana fassara wannan da rashin so. Ya taɓa ganin irin wannan halin a wurin wasu matan, kuma ya san wa suke yi wa shi.

Wata zuciyar ta ce ya naɗe tabarma ya bar maganar nan, kar allura ta tono garma. Amma Badaru ba ya iya barin tambaya a buɗe, halinsa ne tun yana ƙarami.

Ya ɗauki guntun allin. Ya rubuta kalmomi a jere a kan allon: uba, miji, suruki, ɗan fari. Ya ajiye shi a tsakaninsu.

"Yaya, ga wata tambaya. Ba ta cikin tasu."

Ta dubi allon, ta kawar da kai.

"Ƙa'idar ita ce, a wurinmu mace ba ta kama sunan waɗannan. Haka ne?"

"Auta, rana ta yi sanyi, ban ɗora wa Inna tuwo ba."

"Haka ne ko ba haka ba ne?"

"Haka ne."

Ya ce sunan Baba Datti, ba Badaru ba. Ya sa yatsa ya goge kalmar farko. Ya ce mazan da ta aura, Abdulsalam da Tukur. Ya goge ta biyu. Ya ce surukinta na Ajingi Ja'afar ne, ya tambaye ta ko mahaifin Abdulsalam ne mai sunan, ko wani babba a danginsu da shi bai sani ba. A ransa roƙon Allah yake ta ce e. Da ta ce e, da ya yi dariya ya ba ta haƙuri sun tashi.

Ta girgiza kai a hankali.

Ya goge ta uku. Allon ya rage kalma ɗaya: ɗan fari.

Ya yi ta kallon kalmar. Duk abin da ya sani a duniya yana ce masa ƙarya ne. Inna ce ta goya shi, Inna ce ta yi masa tsarki, Inna ce ta sayar da tunkiyarta ta saya masa akwatin makaranta. Kowa a unguwar nan autan Hure yake ce masa. Ya buɗe baki ya fara faɗin haka, yana lissafa mata kamar ita ce take musu, ya ce ai ba zai yiwu ba, kowa ya sani, shi ma ya sani.

Hajara ta yi magana ba tare da ta dube shi ba, muryarta can ƙasa.

"Kai ka ce abin da aka sani daga waje a ajiye shi a bakin ƙofa."

Karatun da ya sha wahalar koya mata ne ta miƙo masa, kuma bai taɓa jin ya tsani wani karatu kamar yadda ya tsani wannan a lokacin ba.

Ya matso kusa, ya ce ta dube shi. Ba ta duba ba. Ya ce shi ba yaro ba ne, in akwai magana a faɗa masa, ya gaji da zama a gidan da kowa ya san abin da shi bai sani ba. Ta ce akwai rantsuwa a kanta, tun yana cikin zanen goyo, kuma wadda ta rantsar da ita tana da rai. Ya tambaye ta dalili, ta ce ba ita za ta faɗa ba.

"To jibi fa? Za su tambaye ki wa ya gabatar da ke."

"Na sani."

"In ba ki faɗa ba kin faɗi tun a bakin ƙofa."

"Na sani."

"Matan Ajingi fa, Yaya?"

Kalmar "Yaya" ta fito masa wani iri, har shi kansa ya ji. Hawayen da take ta maƙalewa suka zubo. Ta ce Allah ya sani ajin nan shi ne ranta, kuma ta san ranar da aka rufe shi ba ta da sauran abin yi a Ajingi. Ta ce ta kwana tana gwadawa a zuci, ta kai harafin farko harshenta ya ƙi. Ta ce abin da baki bai taɓa yi ba tun ran suna, ba sufeto ne zai sa ya yi ba.

Tun ran suna.

Ya tura allon gabanta, ya ɗora guntun allin a kai. Ya ce ya ji, ba zai ce ta kama suna ba, ba zai ce ta karya rantsuwa da bakinta ba. Yau kaɗai ya yafe cikakkiyar jimla. In amsar da ta rage a allon nan kuskure ce, ta goge ta da hannunta, shi kuma ya yi alkawari har abada ba zai sake tayar da maganar ba.

Hajara ta daɗe tana kallon allon. Ta miƙa hannu, ya zuba wa yatsunta ido yana jira su shafe rubutun. Sai ta ɗauki allin. A hankali, da kyakkyawan hannun nan nata na malama, ta ja layi a ƙarƙashin kalmar, yadda take yi wa ɗalibarta in ta ci.

Ba su ji sallama ba. Ƙarar takalmi kawai suka ji, sai ga Inna Hure tsaye a kansu da ƙullin goron barka a hannu. Ta dubi fuskar Badaru, ta dubi idon Hajara, sannan ta sauke ido kan allon da ke tsakaninsu. Inna ba ta taɓa zama a aji ba, ko harafi ɗaya na boko ba ta ganewa.

Ta sunkuya da kanta ta ɗauki allon, ta juya shi sama ta juya shi ƙasa. Sannan ta miƙa wa Hajara.

"Ke ce malama. Karanta min abin da aka ja wa layin nan."